Ɗorin da Na Yi wa Labarin Wata

Littafin farko da na rubuta wa ƙarshe ba nawa ba ne. A 2012 ne, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar kwana, wata 'yar ɗakinmu ta dawo daga hutu da littafin soyayya ɓoye a cikin buhun garin kwakinta. Na ɗaya da na biyu kaɗai ta samo. Duk wanda ya san littattafan nan da ake bugawa a Kano ya san yadda ake yanka su: na ɗaya, na biyu, na uku, kuma daidai inda numfashin mutum ya tsaya nan marubuciya za ta ce sai mun haɗu a littafi na gaba. Muka karance biyun da tocila a ƙarƙashin bargo, muka rasa na uku. Sati guda ɗakinmu ba zancen da ake yi sai na ko wa yarinyar za ta aura. Ranar wata Asabar na ɗauki sabon littafin rubutu mai falle 60 da Baba ya saya mini don lissafi, na zauna bayan ɗakin wanki na rubuta na ukun da kaina. Kafin ƙarshen zangon ya zagaye ɗakuna huɗu, bangonsa ya yage, wata ma ta rubuta a gefen shafi cewa ba ta yafe mini ba da na hana ɗan sarkin auren yarinyar.

Ni 'yar Gusau ce, a Tudun Wada aka haife ni a 1999. Baba tela ne, kuma ba ya ƙaunar waɗannan littattafai ko kaɗan. Tun da ya ji a rediyo a 2007 cewa an ƙona irinsu a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya riƙe wannan a matsayin hujja, ya ce ba za su kwana a gidansa ba. Ban taɓa ganin laifinsa ba, don akwai masu ɓarna a cikinsu. Amma akwai mutum ɗaya a gidanmu da ya san abin da nake yi, ya kuma rufa mini asiri, shi ne Yaya.

Yaya sikila gare shi, abin da tsofaffin unguwarmu ke kira amosanin jini. Shekara biyar ya ba ni, amma wanda bai sani ba zai ɗauka sa'annin juna ne, don ciwon ya tauye masa girma. Idanunsa kullum da ɗan rawaya-rawaya. In sanyin hunturu ya shigo, gaban kowa a gidan faɗuwa yake yi, saboda mun san me ke tafe. Ciwon kan fara ne daga gwiwa ko ƙugu, sai ya bi ƙasusuwa kamar ana sara da gatari, haka shi da kansa yake kwatantawa. Umma ta ɗora ruwan zafi, ta jiƙa tawul tana gasa masa, Baba yana tofa masa addu'a, ni kuma aikina in zauna a gefen katifa in ba shi labari. Ba don labarin yana rage zafi ba. Cewa yake yi in yana bin zaren magana, hankalinsa yakan bar ƙashin na ɗan lokaci. Kuma ba ya saurare haka kawai, gyara yake yi. In na kai wani mutum bakin rami sai ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Ƙanwata, kar ki kashe shi. Nemo masa hanya." Sai in nemo.

A watan Janairun 2014, ina makaranta, aka aiko Kawu ya ɗauke ni. Kafin mu iso gida an riga an kai shi makwancinsa. Shekararsa 20. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Daga nan na ajiye rubutu. Na gama sakandare, na zauna shekara guda a gida, a farkon 2018 na samu gurbin karatun akanta a jami'a a Kano. A ranar da zan tafi Baba ya ba ni wayar Tecno, ya ce, "Mamana, don mu riƙa jin muryarki ne, ba don shirme ba." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Kano ta yi mini girma. Ba na iya magana a aji, ba ni da ƙawa sai 'yar ɗakinmu guda, wata 'yar Haɗeja mai yawan dariya. Ita ce ta fara jefa ni cikin guruf ɗin karatun littattafai a WhatsApp. A nan na tarar duniyar da na baro a bayan ɗakin wanki ta yi ƙaura gaba ɗaya ta koma cikin waya. Yanzu ba a jiran mai hayar littafi. Marubuciya tana gidanta tana taifin da babban yatsa, da daddare ta saki feji ɗaya ko biyu, kafin asuba ya zaga gurufuka ɗari. A lokacin mutum 256 kawai guruf yake ɗauka, saboda haka babbar marubuciya sai ka ga tana da guruf na ɗaya, na biyu, har na goma, kowanne da masu kula da shi. Ana ba da 'yan fejin farko kyauta, in labari ya kama ki sai a ce daga nan na kuɗi ne, ki tura katin waya ko ki biya ta banki a saka ki a guruf na musamman. Akwai matan aure a Jidda da Yamai da Kumasi a cikinmu, akwai ma'aikatan jinya masu karatu a bakin aikin dare, akwai zawarawa, akwai 'yan mata irina. Ba mu taɓa ganin fuskar juna ba, amma in wata ta haihu a guruf ake fara sanarwa, in an yi wa wata rasuwa a tara mata kuɗin ta'aziyya. Masu zagin wannan harka daga waje ba su san wannan ɓangaren ba.

Marubuciyar da na fi so, ba zan faɗi sunanta ba, Anti muke ce mata. Alƙalaminta yana da daɗi, ta iya saka magana a bakin tsohuwa har ka ji kamar kakarka ce. A ƙarshen 2019 ta fara wani labari, kuma a cikinsa jarumar tana da ƙane mai sikila. Ba shi ne labarin ba, a gefe yake, yakan fito ya yi barkwanci ya koma. Amma ni saboda shi nake kwana ido biyu ina jiran feji. Yadda yake ɓoye ciwonsa don kada uwarsa ta tashi da dare, yadda yake son ƙwallo ba ya iya bugawa, duk Yaya nake gani.

A feji na 47 Anti ta kashe shi. Cikin layi shida. Kuma dalilin kisan a fili yake: jarumi da jaruma sun yi faɗa, ana neman hanyar da za su shirya, sai aka yi rasuwa don ya zo gaisuwa su haɗa ido a zaure. Fejin da ya biyo baya har an koma zancen lefe.

Na kifa wayar a kan katifa, jikina yana rawa. Ba mutuwar ce ta ƙona mini rai ba, na fi kowa sanin masu sikila suna mutuwa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a mayar da ran yaron gada, a taka a wuce. A guruf 'yan kaɗan suka saka alamar kuka, sauran suna murnar masoya sun shirya.

Ana cikin haka korona ta shigo. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Na koma Gusau, na koma ɗakin da katifar Yaya take jingine har lokacin, don Umma ta ƙi bayar da ita. A daren na uku na buɗe waya na fara daga feji na 46 na Anti, na yi kamar na 47 bai taɓa faruwa ba. An kai yaron asibiti, an rasa jini, direban gidansu ya bayar da nasa, ya farfaɗo. Na rubuta a sama: "Ɗori a kan labarin Anti." Kalmar haka kawai ta zo mini, don ɗorawa na yi daga inda ta tsaya. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya a guruf ta ce sunan ya dace ta fuska biyu, tunda in ƙashi ya karye ma wurin mai ɗori ake zuwa.

Na tura wa 'yar Haɗeja ita kaɗai. Ita ta watsa shi.

Cikin sati biyu sai da aka buɗe mini guruf nawa, ya cika, aka buɗe na biyu. Kowa na gida a kulle, ba makaranta, ba biki, ba kasuwa, sai karatu. Ina tashi da asuba in yi taifin kafin cajin waya ya ƙare, da rana in aiki ƙanena ya kai ta shagon mai caji. Na ba yaron abin da Yaya bai samu ba: na sa ya zana jarrabawa ya ci, na kai shi jami'a, na ba shi abokai, na sa wata yarinya mai tsiwa ta ƙaunace shi. Amma ban warkar da shi ba. Wasu sun yi ta roƙo in sa a kai shi Indiya a yi masa dashen ɓargo ya warke a huta, na ƙi. Iyayensa a labarin ba masu wannan kuɗin ba ne, mu ma ba mu kasance ba. Na bar shi da ƙwayar folik asid ɗinsa ta kullum, da gorar ruwansa, da rigar sanyinsa, da tsoron watan Disamba.

Sai faɗa ya tashi. Masoyan Anti suka ce na yi satar fasaha, wasu suka ce wankiya ce irin ta masu kwafar fim ɗin Indiya. Aka cire ni daga gurufanta duka a rana ɗaya. Aka rabu biyu, 'yan Anti da 'yan ɗori, ana jifan juna da habaici a kan status. Wata ta samo lambata ta kira ni cikin dare ta zage ni tas, har da iyayena. Na yi kuka sosai a ranar, don ni har ga Allah son labarin ne ya sa na taɓa shi. Wanda bai damu da abu ba ai ba ya kwana yana gyara masa ƙarshe.

Bayan sallar layya Anti ta kira ni da kanta. Na ɗauka da faɗa za ta fara. Sai na ji muryar mace mai gajiya, yaro yana kuka a bayanta, ana ta buga turmi a maƙwabta. Ta ce, "Ƙanwata, na karanta abin da kika rubuta. Kin fi ni sanin ciwon nan. Wa kika rasa?" Na gaya mata. Ta yi shiru, ta yi masa addu'a. Sannan ta ce, "Amma kin shiga gidana ba sallama, kin ɗauki ɗana. Da wannan rubutun nake biyan kuɗin makarantar yarana. In kowa ya ɗebi mutanena ya tafi da su, me zan sayar?" Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, na yi kuskure." Muka yi yarjejeniya: a saman kowane feji zan rubuta cewa mutanen labarin nata ne, kuma ba zan karɓi ko sisin kowa a kansa ba. Har na gama ban karya wannan ba, ko da aka yi ta ba ni shawarar in mayar da shi na kuɗi.

Yau in aka tambaye ni, cewa nake yi Anti ta yi gaskiya a zancen sallama da zancen kuɗi. Inda ban bi ta ba shi ne a ce mai karatu ba shi da ta cewa. Yaron nan ita ta haife shi, amma a zuciyata ya yi wata uku yana kwana yana tashi. Wannan ma wani haƙƙi ne, ko da ba na mallaka ba ne.

A farkon 2021 muka koma makaranta. Wata ranar Laraba ina zaune a ƙarƙashin bishiyar darbejiya kusa da ɗakin karatu, ina taifin, ban lura akwai mutum a ɗaya gefen bencin ba. Sai na ji an yi sallama, an ce, "Malama, ki gafarce ni, ba leƙe na yi niyya ba, idona ne ya faɗa kan sunan da ke saman rubutunki. Ke ce mai ɗori?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya san ni da wannan a makaranta sai 'yar Haɗeja, kuma gurufanmu ba a saka maza.

Ɗan Malumfashi ne, haka zan kira shi. Yana karantar Hausa a sashen harsunan Nijeriya. Lokacin kulle ƙanwarsa ce take karanta wa mahaifiyarsu fejina da daddare, shi kuma yana tsakar gida yana ji, tun yana yi kamar bai damu ba har ya koma shi ke tambaya ko an saki sabo. Na ce masa cikin jin kunya ai ba wani abu ba ne, kayan aro ne. Ya ce, "A'a, Malama. Sunaye ne na aro. Daren nan da uwar take gasa masa ƙafa tana ɓoye hawayenta a cikin tururin ruwa, wannan ba a aro shi. Wanda ya gani ne kawai yake rubuta shi."

Ban taɓa jin wani ya faɗi abin da ya shige ni haka ba.

Shi ne ya fara cire mini kunyar abin da nake yi. A lokacin na riga na gano a Wattpad cewa Turawa ma suna da irin wannan rubutu tuli, masoya fim ko littafi suna ɗaukar mutanen ciki su ƙirƙira musu wata rayuwa, har suna da suna na musamman da suke kiran sa. Na ɗauka daga can abin ya samo asali. Ya yi murmushi ya ce in zo ya nuna mini. Ya kai ni ɗakin karatu ya buɗe mini rubutattun waƙoƙin malaman ƙarni na 19, ya nuna mini abin da ake kira tahamisi: malami ya ɗauki waƙar wani malami mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara ɗango uku nasa a kan kowane baiti su zama biyar, ba tare da ya goge na mai waƙar ba. Kuma ba a ɗauke shi sata ba, girmamawa ce, ɗalibi yakan yi wa waƙar malaminsa, ɗa ya yi wa ta mahaifinsa. Ya ce, "Ga kuma Gizo da Ƙoƙi. Wace kaka ce ta nemi izini kafin ta ƙara musu wata sabuwar ɓarna?" Na daɗe ina kallon shafin nan. Ashe abin da aka zage ni a kansa yana da kakanni a gidanmu.

Soyayyarmu ba irin ta littafi ba ce, ba mota, ba turare mai tsada. Bencin nan ne, da awara ta naira ɗari, da rakiya zuwa bakin ƙofar masaukin mata kafin magariba. Shi ne mai karanta fejina na farko kafin in saki, yana gyara mini ƙa'idar rubutu, inda na haɗe kalmomin da ya kamata a raba, inda na bar ƙugiya. Mun sha musu a kan wannan, ina cewa masu karatuna ba ruwansu, yana cewa harshen yana da haƙƙi a kaina. Daga "Malama" ya koma "ranki ya daɗe". Ni kuwa har muka rabu ban iya kiran sunansa ba, Malam nake cewa.

Motar Kano zuwa Gusau ta Gwarzo take bi, ta Dayi, ta ratsa Malumfashi kafin Funtuwa da Tsafe. Da aka sake shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, tare muka hau mota, ya sauka a garinsu, ya tsaya a bakin titi har muka ɓace. Wata takwas aka yi a gida, sai Oktoba aka janye. A cikin watannin nan ne ya turo kawunansa wurin Baba. Baba ya yi bincike, ya gamsu, ya kira ni ya ce, "Mamana, yaron ɗan mutunci ne. Sharaɗina ɗaya ne, kin kuma san shi."

Na san shi. Ni AS ce, wato ina ɗauke da ƙwayar sikila a jinina amma ba ni da ciwon, tun bayan rasuwar Yaya aka gwada mu duka. Tun farkon haɗuwarmu na gaya wa Malam, ya ce in kwantar da hankalina, shi AA ne, ba ya ɗauke da ƙwayar, an taɓa gwada shi a wani ƙaramin ɗakin gwaji lokacin da zai shiga makaranta, har takardar ya nuna mini. A kan wannan takarda muka gina shekara biyu. Baba ya ce bai ƙi ba, amma a sake, a babban asibiti, a gaban wani nasa.

A watan Fabrairun 2023 muka je, lokacin wahalar takardun kuɗi, mutane na kwana a layin banki. Sai da muka yi awa biyu a wurin biya saboda tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya, muna ta hira muna dariya, Kawu yana gefe yana jan carbi. Bayan kwana biyu muka koma karɓar sakamako. Matar da ta miƙo takardun ta dube mu, ta ce mu zauna tukuna.

AS ne shi ma. Aka sake a wani wuri, haka ya fito.

Ba sai an yi mini bayani ba, amma ta yi, don aikinta ne: in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ba wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai ɗauka ba, kowane ciki da nasa lissafin, ana iya haifar uku a jere duk masu ciwon. Umma da Baba ba su san wannan ba lokacin da suka yi aure, ba wanda ya gaya musu. Ni na sani.

Malam ya ce mu yi tawakkali, Allah ke ba da lafiya. Ya ce akwai magunguna yanzu da ba su yaɗu ba a zamanin Yaya, ya ambaci haidiroksiyuriya, ya ce masu sikila suna girma suna aure suna haihuwa, "ke da kanki kika rubuta haka." Gaskiya ya faɗa, ni na rubuta, kuma har gobe na yarda da shi. Na yi istihara, na yi sati biyu ba na iya cin abinci. Abin da ya yanke mini hukunci wani dare ne da na fito tsakar gida na tarar da Umma zaune a bakin murhu, ba ta dafa komai, ta ce sanyin da ake yi ne ya tashe ta, jikinta ya saba in an yi irinsa ta ɗora ruwa. Shekara tara bayan rasuwarsa.

Da na koma makaranta na same shi a bencin nan. Na ce, "Malam, na iya nemo wa ɗan littafi hanya, don ni ke riƙe da alƙalamin. Wanda za mu haifa, in ya kama ƙafarsa yana kiran sunana cikin dare, ba ni da fejin da zan goge." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ranki ya daɗe." Ya raka ni bakin ƙofa kamar kullum. Baba da kansa ya mayar wa kawunansa kayan da suka kawo, suka rabu da mutunci, har yau suna gaisawa.

Ɗorin yana nan a tsaye a lokacin, saura kaɗan a ɗaura wa yaron aure da yarinyarsa mai tsiwa, masu karatu suna ta zaɓen ankon biki a guruf kamar da gaske. Wata biyu ban saki komai ba. Da na dawo, fejin da na rubuta shi ne na ranar da suka je gwaji. Na zauna da su a kan bencin asibiti, na sa su jira, na sa gabansu ya faɗi. Yarinyar ta fito AA. Na ba su abin da ban samu ba, amma sai da na sa suka bi ta ƙofar da na bi. A ƙasan fejin, karo na farko, na yi magana da bakina, na ba da labarin Yaya da nawa a taƙaice.

Saƙonnin da suka shigo a daren nan sun fi ƙarfin in amsa. Wata daga Zinder ta ce 'ya'yanta biyu ne masu ciwon, ba ta taɓa gaya wa ko ƙawayenta ba saboda gori. Wata ta ce an sa ranarta, gobe za ta ja saurayin su je asibiti. Wata kuma ta zage ni, ta ce na raina ƙaddara. Anti ta turo mini saƙon murya, tana kuka, ta ce in ba ta izini ta saka fejin a gurufanta. Gurufan da aka kore ni daga ciki. Na ce, "Anti, ai ɗanki ne."

A watan Mayun 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙwayar sikila irin wannan. Da na ji a rediyo ina wurin hidimar ƙasa, sai da na zauna. Abin da nake ƙara wa duk wadda ta tambaye ni shi ne ta yi gwajin tun kafin zuciya ta yi nisa, kuma ta yi shi sau biyu a wurare daban, don takarda ɗaya ce ta ci mana shekara biyu.

Na rufe ɗorin a feji na 112. Yanzu ina rubuta littafi nawa na kaina, ba sunan kowa a samansa, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba, don ba bangon da zan jingina. A cikinsa akwai tela, da matarsa, da ɗansu mai rawayan ido wanda ke gyara wa ƙanwarsa labari. Na kai babi na tara, inda za a aiko Kawu makaranta, na tsaya a nan tun kafin azumi.

Malam ya yi aure bara, ƙanwarsa ce ta gaya mini, tana cikin gurufina har yanzu. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Watan jiya na bi ta Malumfashi zan je gida, direba ya tsaya shan mai daidai inda ya sauka a wancan karon. Na ciro waya na buɗe babi na tara, na ga na rubuta "kawu yazo" a haɗe. Na raba su, na mayar da wayar cikin jaka, motar ta tashi.